THOMAS HUNT MORGAN: MALAMIN DA YA KARANCI GADO A JIKIN ƘUDA

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban masu sayar da mangwaro a kasuwar Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ya san waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje masu jajayen idanu da kan yi dandazo a kan wanda ya fara ruɓewa. Mukan kore su da hannu mu wuce. To, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, a jikin irin wannan ƙuda ne aka tabbatar da yawancin abin da aka koya mana a aji game da gado. Mutumin da ya jagoranci aikin kuwa shi ne Thomas Hunt Morgan.

An haifi Morgan ranar 25 ga Satumba, 1866, a garin Lexington na jihar Kentaki a Amurka. Ya sami digirinsa na farko a 1886, na dakta kuma a Jami'ar Johns Hopkins a 1890. Daga 1891 ya koyar a kwalejin mata ta Bryn Mawr, yana binciken yadda ƙwai ke zama halitta. A 1904 ya auri Lilian Sampson, ita ma masaniyar ilimin halittu, ya koma Jami'ar Kolombiya da ke birnin New York.

Abin mamaki, da farko Morgan bai gamsu da dokokin gado na Mendel ba. Mutum ne da ba ya yarda da magana sai ya gwada ta da hannunsa. Don haka ya shiga kiwon ƙudan nan a cikin kwalaben madara, yana ba su ayaba. Ya zaɓe su ne don ba su da tsada, mace ɗaya kan yi ɗaruruwan ƙwai, kuma cikin kwana goma ko sha biyu ƙwai ya zama baligi.

Ya yi wajen shekara biyu bai ga wani abin kirki ba. Amma mahakurci mawadaci. A 1910 sai ga namiji guda mai farin ido. Ya haɗa shi da mace mai jan ido, kusan dukkan 'ya'yan suka fito da jan ido. Da ya haɗa 'ya'yan da junansu, sai farin ido ya dawo a jikoki 782, kuma dukkansu maza ne. A nan ya gane cewa ƙwayar gadon launin ido tana zaune ne a kan zaren gado da ake kira X, wanda mace ke da biyu, namiji ɗaya. Namiji ba shi da na biyun da zai rufe masa lahani. Ta wannan hanya ce makantar launi ta fi yawa ga maza a cikin 'yan Adam. Morgan bai ji kunyar sauya ra'ayinsa ba da hujja ta bayyana.

Ɗakin bincikensa ƙarami ne, cike da warin ayaba, har aka yi masa laƙabi da Ɗakin Ƙuda. A ciki ya tara ɗalibai irin su Alfred Sturtevant da Calvin Bridges da Hermann Muller, kowa na da bakin magana. Sturtevant, tun bai gama digirin farko ba, ya zana taswirar farko ta jerin ƙwayoyin gado, aka buga ta a 1913.

Akwai kuma wani bincike nasa na 1915 da ba a cika ambata ba, alhali shi ya fi kusa da rayuwarmu. Ya sami waɗansu ƙudaje da suka gaji lahani a ciki, baƙaƙen layukan da ke zagaye cikin nasu sun karkace ko sun ɓace. Ƙwayar wannan lahani ita ma a kan zaren X take. Sai ya lura cewa waɗanda suka tashi a kan abinci mai danshi su ke nuna lahanin. Waɗanda suka fito bayan abincin ya bushe, sai a gan su garau. Amma in aka rena 'ya'yan waɗannan a kan abinci mai danshi, sai lahanin ya dawo. Wato ƙwayar gadon tana nan ba ta sauya ba, yanayin abinci ne ke sa ta bayyana ko ta ɓuya. Manomi ba zai yi mamaki ba, don ya san irin gero ɗaya ba ya ba da dami ɗaya a gonar da ta sha taki da wadda ba ta sha ba.

Masanan da suka biyo baya sun faɗaɗa wannan fage. A shekarar 2000 aka kammala karanta jerin gadon ƙudan, mai ƙwayoyi kimanin 14,000. Yau ana iya auna wace ƙwaya ce ke aiki, wace ce ta yi shiru, bayan an sauya yawan sukari ko furotin a abinci. An gano cewa namiji da mace ba sa amsawa iri ɗaya. Mace, bayan barbara, takan himmatu ga cin yis saboda ƙwai na bukatar furotin, kuma rage abinci daidai gwargwado ya fi tsawaita ranta fiye da na namiji. Darasin shi ne, sakamakon da aka samu a jinsi ɗaya ba lallai ya dace da ɗayan ba.

A 1928 Morgan ya koma Pasadena a jihar Kalifoniya, ya kafa sashen ilimin halittu a cibiyar Caltech. A 1933 aka ba shi kyautar Nobel a fannin likitanci. Sai ya raba kuɗin tsakanin 'ya'yansa huɗu da 'ya'yan Bridges da na Sturtevant, don ya san ba shi kaɗai ya yi aikin ba. 'Yarsa Isabel kuma ta yi fice wajen binciken rigakafin shan inna. Ya rasu ranar 4 ga Disamba, 1945, yana da shekara 79.

Mu da yanzu muka zama iyaye, wasunmu ma kakanni, sau da yawa mukan ɗora wa gado laifin rashin girman yaro ko rashin kuzarinsa a makaranta. Yaro ba ƙuda ba ne, amma kwalaben Morgan sun isa su tuna mana cewa abin da aka gada yana tafiya ne tare da abin da aka ci. Kafin mu ce halinsa ne na dangi, mu fara leƙa kwanonsa.