Isaac Newton: Marayan da aka cire daga makaranta, ya dawo ya warware sirrin motsi

Duk ɗalibin babbar sakandare a Najeriya da ya buɗe littafin fiziks don yin aikin gida, sunan da zai fara cin karo da shi a babin motsi shi ne Isaac Newton. Abin da littattafan ba su cika faɗa ba shi ne, saura ƙiris mai wannan suna ya ƙare rayuwarsa a kiwon tumaki, ba don wasu mutane sun tsaya masa ba.

An haifi Newton ranar 25 ga Disamba, 1642, bisa tsohuwar kalandar Ingila, a ƙauyen Woolsthorpe da ke yankin Lincolnshire. Bakwaini ne, kuma mahaifinsa, wanda manomi ne, ya rasu wata uku kafin haihuwarsa. Yana ɗan shekara uku mahaifiyarsa Hannah ta sake aure, ta bar shi a hannun kakarsa. Da ya kai wajen shekara 12 aka sa shi makaranta a garin Grantham, amma a 1659 uwar ta cire shi domin ya kula da gona.

Noma bai karɓe shi ba, domin hankalinsa na kan littattafai. Shugaban makarantar, Henry Stokes, da kawunsa William Ayscough ne suka lallashi uwar har ta yarda ya koma aji. A 1661 ya shiga Kwalejin Trinity ta Jami'ar Cambridge a sahun ɗaliban da ke yi wa wasu hidima domin a rage musu kuɗin karatu.

A 1665 annoba ta ɓarke a Ingila, aka rufe jami'ar, Newton ya koma ƙauye. A wannan zama na kusan shekara biyu ya aza harsashin lissafin da ake kira kalkulus, ya zurfafa bincike kan haske, sannan ya fara tunani kan ƙarfin da ke janyo abubuwa zuwa ƙasa. Da ya tsufa ya ba da labarin cewa faɗowar tuffa daga bishiya ce ta sa ya tambayi kansa ko wannan ƙarfi yana kaiwa har ga wata. A 1669 malaminsa Isaac Barrow ya sauka daga kujerar farfesan lissafi, Newton ya gaje shi yana da shekara 26.

Newton mutum ne mai ɓoye aikinsa saboda ƙin jayayya. A 1684 masanin taurari Edmond Halley ya ziyarce shi, ya tambaye shi siffar hanyar da duniyoyi ke bi wajen kewaya rana, ya tarar tuni ya lissafa amsar. Halley ya matsa masa ya rubuta, ya kula da gyaran rubutun, ya kuma biya kuɗin ɗab'i daga aljihunsa, domin ƙungiyar masana ta Royal Society ta riga ta kashe kuɗinta wajen buga wani littafi kan kifaye. Haka littafin Principia ya fito a 1687 cikin harshen Latin.

A cikinsa ne dokokin motsi uku suke. Ta farko: abin da ke tsaye zai zauna a tsaye, mai tafiya kuma zai ci gaba a miƙe da saurinsa, sai in wani ƙarfi ya taɓa shi, shi ya sa fasinja ke tunkuɗawa gaba idan direba ya taka birki. Ta biyu: ƙaruwar saurin abu tana bin girman ƙarfin da aka sa masa, tana kuma raguwa gwargwadon yawan jikinsa. Ta uku: duk abin da ya tura wani, shi ma ana tura shi daidai wa daida ta ɗaya ɓangaren, kamar yadda mai kwale-kwale ke tura ruwa baya domin ya yi gaba.

Sai dokar janyowa: kowane abu yana jan kowane abu, kuma idan nisa ya ninka sau biyu, ƙarfin jan zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. A doron ƙasa, dutsen da aka saki yana ƙara saurin kusan mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, adadin da ake yawan mayarwa 10 a tambayoyin jarrabawa. Cikin daƙiƙa biyu zai faɗo kusan mita 20, ko babba ne ko ƙarami, muddin iska ba ta tare shi ba, kamar yadda Galileo ya nuna tun kafin Newton. Wata yana nesa da tsakiyar ƙasa kusan sau 60 fiye da wanda ke tsaye a doronta, don haka jan da ke kansa ya ragu sau 3,600. Da wannan lissafi Newton ya tabbatar cewa ƙarfi ɗaya ne ke kayar da tuffa yake kuma riƙe wata a falakinsa.

Mazauna Borokiri a Fatakwal suna ganin wannan doka da idonsu. Ruwan da ke cikowa ya janye sau biyu a rana a bakin gaɓar unguwar, wanda masunta da masu kwale-kwale ke tsara fitarsu da shi, jan wata da na rana ne ke kaɗa shi, kuma Newton ne ya fara bayyana dalilin. Dokar ce kuma ke riƙe tauraron ɗan'adam na Najeriya, NigComSat-1R, da aka harba a 2011, a nisan kusan kilomita 36,000.

A 1696 Newton ya koma Landan ya kama aikin gwamnati a gidan buga kuɗi, inda ya zama shugaba a 1699. Bai ɗauki muƙamin a matsayin wurin hutu ba: da kansa ya riƙa yi wa masu buga jabun kuɗi tambayoyi, har aka rataye fitaccensu William Chaloner a 1699. Ya zama shugaban Royal Society a 1703, Sarauniya Anne kuma ta ba shi lambar girma ta Sir a 1705. Sai dai bai iya haƙuri da abokan hamayya ba; rigimarsa da Robert Hooke, da kuma Gottfried Leibniz kan wanda ya fara gano kalkulus, ta rage masa kwarjini.

Ya rasu a Maris 1727 yana da shekara 84, bai taɓa aure ba, aka binne shi a majami'ar Westminster. Ma'aunin ƙarfi a kimiyya yau sunansa yake ɗauke da shi. Sunayen Stokes da Ayscough ba sa fitowa a takardar jarrabawa, amma da sun yi shiru a lokacin da aka cire yaron daga aji, da wataƙila babu wanda ya san shi bayan iyakar Woolsthorpe.