Hajiya Gambo Sawaba: 'Yar Baƙo Da Ta Tsaya Wa 'Yan Gida

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya san Zariya ya san Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. A Jami'ar Bayero ta Kano ma akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata mai sunanta. Abin da da yawanmu ba su sani ba shi ne, mahaifin wannan baiwar Allah baƙo ne, daga Gana ya zo. Wannan ne ya sa na zaɓi tarihinta a rubutuna na ƙarshe kafin in kammala difloma.

An haife ta a shekarar 1933, aka raɗa mata suna Hajaratu. Gambo kuwa, kamar yadda aka sani, sunan wanda ya biyo bayan tagwaye ne. Mahaifinta, Isa Amarteifio, ya shigo Najeriya ya kama aiki da hukumar jirgin ƙasa, ya musulunta, ya auri Fatima, Banufiya. A Zariya Gambo ta tashi, ta shiga firamaren En'e ta Tudun Wada. Mahaifin ya rasu a 1943, bayan shekara uku mahaifiyar ta bi shi. Shi ke nan, karatu ya tsaya. Tana 'yar shekara goma sha uku aka yi mata aure.

Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agustan 1950, Gambo na da shekara goma sha bakwai. A lokacin shiga NEPU ba wasa ba ne fa, domin 'yan doka da kotunan alƙalai duk suna hannun sarakuna. Haka ta shiga, har ta zama shugabar mata. Laƙabin Sawaba daga taken jam'iyyar ya samo asali, kuma Malam Aminu Kano ne ya laƙaba mata. Ta yi tattaki har Abekuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, ta ga yadda matan kasuwa suka haɗa kai suka ƙi harajin zalunci. Da ta dawo sai ta shiga gida-gida a Kano tana wayar da kan matan kulle. Aka kama ta, aka ɗaure ta wata uku, daga baya ma aka kore ta daga garin. Jimilla sau goma sha shida tana shiga kurkuku, ban da dukan da ta sha a hannun 'yan banga.

Me take nema haka? A daina aurar da yara ƙanana, a bar 'ya'ya mata su yi karatu, a soke aikin tilas, a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a. A zaɓen 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, na Arewa an hana su. Sai a 1976 aka ba su wannan 'yanci. A Jamhuriya ta Biyu ta riƙe mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim. Allah ya yi mata rasuwa a Zariya a watan Oktoban 2001.

To, ina ruwan ɗalibin Poli da wannan tarihi? Mu da muke karatu a harabar Barnawa, mu duba inda muke zaune. Tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction, wadda irin su mahaifin Gambo suka yi wa hukumarta hidima, a wannan ɓangaren kogi take. Masaƙun Kakuri, tun daga KTL da ta fara aiki a 1957, su suka jawo ma'aikata daga kowace kusurwa. Makera, Nasarawa, Television, duk baƙi ne suka cika su. Jikokinsu ne abokan karatunmu a yau, tare da 'yan Nijar da 'yan Kamaru, da waɗanda rikici ya koro daga Borno da Zamfara.

Amma har gobe takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma tana raba mu. Ina da abokiyar karatu da aka haifa a Kakuri, nan ta yi firamare da sakandare, ba ta san wani gari ba. Da ta je neman tallafin karatu sai aka ce ta koma garin kakanta ta karɓo takarda, garin da ko hanyarsa ba ta sani ba. Wallahi na tuna da Gambo. Da yau take ɗaliba, ƙila ita ma a tura ta Akara neman shaida. Kada mu manta, a Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Gana. Jakar Gana-mas-go da muke zuba kayanmu in an yi hutu, daga nan sunanta ya fito.

Doka kuwa tana bayanmu. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, addini, jinsi ko wurin asali. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga yara. Saura masu bin sawu, su tambaya, su matsa.

Shawarata ga sababbin shugabannin ƙungiyar ɗalibai guda uku ce. Na ɗaya, a kafa tebur lokacin rajista don taimaka wa masu matsalar takardu, musamman baƙi da 'yan gudun hijira. Na biyu, a tattara sunayen waɗanda suka rasa tallafi saboda takardar asali, a kai ƙorafi a rubuce ga hukumomin da abin ya shafa. Na uku, mu riƙa ware ranar Asabar muna koyar da yaran unguwannin nan da ba sa zuwa makaranta, ba tare da tambayar garin ubansu ba.

Gambo ta fara wannan gwagwarmaya tana da shekara goma sha bakwai, marainiya, ba ta ko gama firamare ba. Ni shekarata ashirin da biyu, ga difloma na shirin shiga hannuna. Mu kam ba mu da uzuri. Allah ya jiƙan Hajiya Gambo, ya sa Aljanna ce makomarta.