Alekzandar Alekin, gwanin darar Turawa

An haifi Alekin a birnin Mosko cikin 1892. A gasar Budafes ta 1921, da ya kara da Endre Steiner, sai ya buɗe wasa da fito da doki shi kaɗai. Dabarar ita ce dakarun abokin karawa su yi ta korar dokin har su yi nisa da gida, sahunsu ya tsinke. Ya ci wasan, buɗin nan kuwa har yau da sunansa ake kiransa.

Ya karɓe kambin duniya daga Kapablanka cikin 1927. Rubuce-rubucen ƙin Yahudawa da suka fito da sunansa cikin 1941 sun zubar masa da mutunci. Ya mutu a Fotugal cikin 1946, kambin yana hannunsa.