Kadinal Peter Dery: ɗan manomin Nandom da ya ɗaga makarantun Katolika a arewacin Ghana

A ranar 6 ga watan Maris na 2008, ranar da Ghana ke bikin cika shekara 51 da samun 'yancin kai, Kadinal Peter Porekuu Dery ya rasu a birnin Tamale yana da shekara 89. Kiristoci sun yi rashin shugaban addini. Amma a arewacin ƙasar, inda Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya ke zaune tare, abin da aka fi tunawa da shi shi ne makaranta. Shekara ashirin yana jan ragamar cocin Katolika a yankin da ya haɗa Tamale da Salaga da Yendi, bayan shekara goma sha huɗu da ya yi a Wa.

Arewar da aka bari a baya

Kafin a gane girman aikinsa, sai an san halin da ya tarar. Turawan Ingila sun ɗauki arewacin Gold Coast a matsayin wurin ɗebo leburori. Samari kan gangara kurmi ci-rani, wasu su shiga ramin zinariya, wasu gonakin koko, wasu aikin soja da ɗan sanda. A kudu an buɗe sakandare a Cape Coast tun 1876, ita ce ake kira Mfantsipim a yau. Arewa kuwa sai a 1909 gwamnati ta buɗe firamare ta farko a Tamale. Yendi da Salaga ba su samu tasu ba sai a farkon shekarun 1920, sakandaren gwamnati ta farko kuma sai 1951.

Wannan ba ya nufin yankin ba shi da ilimi. Salaga, kasuwar goron Gwanja da fataken Kano da Katsina suka sani tun kaka da kakanni, gari ne na malamai. A nan Alhaji Umaru, bakanen malamin da ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi a 1934, ya karantar. A zangunan Yendi da Bawku ma allo bai taɓa yankewa ba. Abin da aka rasa shi ne boko, wanda da shi ake samun aikin gwamnati da bakin magana a harkar mulki.

Makarantar Katolika ta shigo ne ta arewa, daga ƙasar da Faransa ke mulka. A watan Afrilun 1906 wasu 'yan mishan na ƙungiyar da ake kira Pères Blancs suka taso daga Wagadugu suka sauka a Navrongo, ƙarƙashin Fada Oscar Morin, ɗan Kanada. Lokacin dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnatin Faransa da coci, don haka suka nemi wurin fakewa a ƙasar Ingilishi. A 1907 suka buɗe makaranta. A 1929 suka kafa tasha a Jirapa, ƙasar Dagaaba, ƙarƙashin Fada Remigius McCoy.

Daga gidan gargajiya zuwa aji

An haifi Dery ranar 10 ga watan Mayun 1918 a yankin Ko, kusa da Nandom, dab da iyakar ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. Gidansu na noma ne, addininsu kuma na gargajiya. Yana yaro ya riƙa yi wa wani ɗan uwan mahaifinsa, wanda boka ne, hidima wajen tsafi. Mahaifinsa Porekuu na cikin mutanen farko da suka riƙa takawa da ƙafa daga yankin Nandom zuwa Jirapa don jin wa'azin 'yan mishan. A farkon shekarun 1930, lokacin da dubban Dagaaba suka shiga Katolika, aka yi wa Dery baftisma a Jirapa.

Bai shiga aji ba sai da ya zama saurayi. An tura shi Navrongo, daga nan ya wuce makarantar horar da limaman coci ta St Victor, wadda a lokacin take Wiaga kafin a mayar da ita Tamale. Ranar 11 ga watan Fabrairun 1951 Bishop Gérard Bertrand ya naɗa shi fada a Nandom. Shi ne mutum na farko daga ƙabilar Dagaaba da ya kai wannan matsayi.

A ƙarshen shekarun 1950 aka tura shi ƙaro karatu. Ya je Jami'ar St Francis Xavier da ke Antigonish a Kanada, wadda ta shahara wajen koya wa masunta da manoma da ma'aikatan ma'adinai yadda za su haɗa kai su riƙe tattalin arzikinsu. Ya kuma yi karatu a cibiyar Lumen Vitae da ke Brussels a Beljiyam, inda ake nazarin hanyoyin koyar da addini. Abin da ya koyo a wuraren nan biyu ya bi shi har ƙarshen aikinsa.

A 1959 aka yanke dayosis na Wa daga Tamale. Ranar 8 ga watan Mayun 1960, kwana biyu kafin ya cika shekara 42, Fafaroma John na 23 ya naɗa shi bishop da hannunsa a Roma. Ya nemi izinin yin ibada da harshen Dagaare tare da kiɗan balafon, wanda Dagaaba ke kira gyil, aka kuma ba shi, tun kafin babban taron Vatican na biyu na 1962 zuwa 1965, wanda shi ma ya halarta, ya buɗe wannan ƙofa ga kowa.

Yadda ya gyara makarantu

Abu na farko da ya sa a gaba shi ne malamai. Gini ba ya koyarwa, kuma arewa na fama da ƙarancin ƙwararru. Akwai kwalejin horar da malamai ta St John Bosco da aka buɗe a Navrongo a 1946, amma ba ta isa ba. Dery ya gayyato ƙungiyoyin addini waɗanda sana'arsu koyarwa ce. Fitattu a cikinsu su ne 'yan uwa na FIC daga Maastricht a ƙasar Holan, da suka iso a 1965. Su ne suka riƙe sakandaren Nandom da aka buɗe a 1968. Kafin nan, a 1963, ya kafa makarantar St Francis Xavier a Wa. An yi ta ne don shirya yara maza zuwa aikin coci, amma da yawa daga cikin ɗalibanta sun zama likitoci da lauyoyi da malaman jami'a, kuma ta daɗe tana cikin makarantun da suka fi cin jarrabawa a Ghana.

Na biyu, 'ya'ya mata. A ƙauyuka da yawa ana ganin karatun yarinya asara ce, tunda gidan wani za ta. Sakandaren 'yan mata ta St Francis of Assisi da ke Jirapa, wadda aka buɗe a 1959, ta bunƙasa a zamaninsa, kuma daga cikinta malamai mata da ma'aikatan jinya na farko-farko a yankin suka fito.

Na uku, sana'ar hannu. Ba kowane yaro ne zai kai jami'a ba. An buɗe makarantun koyon kafinta da gini da kanikanci da ɗinki a wurare irin su Nandom da Kaleo, domin saurayi ya samu abin yi a gida maimakon tafiya kurmi.

Na huɗu, kuɗi. Manomin da ke girbi sau ɗaya a shekara ba ya da tsabar kuɗi lokacin da ake neman na littafi da tufafin makaranta da na mota. A 1955 Fada John McNulty ya kafa asusun ajiya da bashi na haɗin gwiwa a Jirapa, wanda ake ɗauka shi ne irinsa na farko a Afirka. Ya yi kama da adashi, sai dai yana da rajista da littafin lissafi da shugabannin da mambobi ke zaɓa. Dery, da ya ga yadda abin ke aiki a Antigonish, ya ƙarfafa kafa irinsa a majami'u da dama. A 1968, a wani taro a Tamale, aka kafa ƙungiyar irin waɗannan asusu ta ƙasa baki ɗaya. Shi kansa an san shi da ɗaukar nauyin karatun yaran da iyayensu ba su da hali.

Duk wannan ya gudana ne cikin wani tsari na raba aiki. Tun bayan dokar ilimi ta 1961 a zamanin Kwame Nkrumah, gwamnati ce ke biyan albashin malamai da tsara manhaja, coci kuma na kula da makarantunta ta hannun sashen iliminta, wanda ke sa ido kan tarbiyya da zuwan malamai aiki. A 1987 aka kafa irin wannan sashe ga makarantun Islamiyya, abin da ya ba makarantun zango damar haɗa Larabci da boko tare da malaman da gwamnati ke biya.

Shekarun Tamale

A watan Nuwamban 1974 aka mayar da shi Tamale, a 1977 kuma ya zama babban bishop na farko a can. Salaga da Yendi na cikin dayosis ɗinsa kai tsaye. Bawku tana ƙarƙashin dayosis na Navrongo-Bolgatanga, wanda shi ma ke cikin lardin cocin da Tamale ke shugabanta.

Nan ƙasa ta bambanta da Nandom. A Dagbon da Gwanja Musulunci ya kafu tun ƙarnuka, Katolika kuma 'yan tsiraru ne. Iyaye da yawa na gudun makarantar mishan don tsoron kada a sauya wa 'ya'yansu addini, kuma tsoron yana da tushe, domin tun farko makaranta na cikin hanyoyin da mishan ke samun mabiya. Makarantun Katolika na yankin, ciki har da St Charles ta Tamale da ke nan tun 1953, sun rayu ne a tsakiyar wannan al'umma, kuma Dery ya riƙe hulɗa da sarakuna da malaman Musulunci. A ƙauyukan Konkomba da sauran ƙananan ƙabilu da ke kewayen Yendi da Salaga, inda makarantar gwamnati ta yi ƙaranci, sau da yawa ta coci ce ta fara isa.

Daga 1982 zuwa 1988 ya shugabanci majalisar bishop-bishop na Katolika ta Ghana, a shekarun mulkin soja na Jerry Rawlings, lokacin da aka yi wa tsarin ilimi garambawul a 1987.

Ya ajiye aiki a watan Maris na 1994, cikin mummunan yanayi. Makonni kaɗan kafin nan yaƙi ya ɓarke tsakanin Konkomba a gefe guda da Nanumba da Dagomba da Gonja a ɗaya gefen. An yi asarar rayuka masu yawa, an ƙone ƙauyuka a yankunan Bimbilla da Yendi da Salaga, makarantu suka rufe, malamai suka gudu. Gregory Kpiebaya ne ya gaje shi. Daga baya aka raba yankin: Damongo ta zama dayosis a 1995, Yendi a 1999 ƙarƙashin Bishop Vincent Boi-Nai, wanda ya shahara wajen aikin sulhu.

Ƙarshen rayuwa

Dery ya ci gaba da zama a Tamale. Ranar 24 ga watan Maris na 2006 Fafaroma Benedict na 16 ya naɗa shi Kadinal yana da shekara 87, jiki ya yi rauni har a keken marasa lafiya ya halarci bikin. Shekarunsa sun wuce na masu jefa ƙuri'ar zaɓen Fafaroma, don haka naɗin girmamawa ce ga abin da ya yi. Bayan rasuwarsa aka binne shi a babbar majami'ar Tamale, kuma a 2013 coci ta fara binciken da kan kai ga sanya mutum cikin waliyyanta.

Makarantun da ya kafa da waɗanda ya raina na nan suna aiki. Har yanzu arewacin Ghana na bayan kudu wajen yawan masu karatu da cin jarrabawa, kuma bishop-bishop na ƙasar na ci gaba da neman rubutacciyar yarjejeniya da gwamnati kan wanda ke da iko wajen naɗa shugabannin makarantun mishan da tafiyar da su.