Max Mathews

Max Vernon Mathews (13 ga Nuwamba, 1926 – 21 ga Afrilu, 2011) injiniyan lantarki ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ake ɗauka a matsayin uban kiɗan kwamfuta. Shi ne ya rubuta MUSIC a shekarar 1957, manhaja ta farko da ta yaɗu wajen ƙirƙirar sauti da kwamfuta.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Columbus da ke jihar Nebraska. Ya yi aikin gyaran rediyo a rundunar sojan ruwan Amurka, daga baya ya karanci injiniyancin lantarki a Caltech, inda ya kammala digirin farko a 1950. Ya samu digirin digirgir a MIT a 1954, sannan ya kama aiki a Bell Labs, wadda a lokacin cibiyar bincike ce ta kamfanin tarho na AT&T da ke jihar New Jersey.

Manhajar MUSIC

A Bell Labs, Mathews ya yi aiki kan mayar da muryar mutum zuwa lambobi domin gwajin layukan tarho. Daga nan ya lura cewa kwamfuta za ta iya lissafa lambobin da kanta, wata na'ura kuma ta mayar da su sauti. MUSIC I ta yi aiki a kan kwamfutar IBM 704 a birnin New York, kuma kiɗan farko da ta fitar tsawonsa daƙiƙa 17 ne, wanda abokin aikinsa Newman Guttman ya tsara.

A 1960 ya fitar da MUSIC III, wadda ta zo da sabon tsari. Ya kasa aikin zuwa ƙananan tubala: wani yana haifar da girgizar sauti, wani yana tace ta, wani yana sarrafa ƙarfinta. Mai tsara kiɗa sai ya jona su yadda yake so, ya gina abin kiɗansa. An rubuta MUSIC V da harshen Fortran, abin da ya sa jami'o'i suka iya ɗora ta a kan kwamfutoci iri-iri.

A 1961 ya haɗa kiɗan da ya raka muryar kwamfuta a waƙar Daisy Bell, wadda John Kelly da Carol Lochbaum suka tsara muryarta. Marubuci Arthur C. Clarke ya ji wannan gwaji, shi ya sa kwamfutar HAL 9000 ta rera waƙar a fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968.

Matsalar lokaci

Kwamfutocin wancan zamani sukan daɗe suna lissafi kafin su fitar da kiɗan 'yan daƙiƙu, don haka makaɗi ba ya iya taɓa na'ura ya ji sauti nan take. Domin magance wannan, Mathews da F. Richard Moore suka ƙera GROOVE a 1970, inda kwamfuta ke sarrafa na'urar sauti yayin da makaɗi ke kaɗawa. Daga baya ya ƙera Radio Baton, sanduna biyu da ake jagorantar kiɗan kwamfuta da motsinsu.

Tasiri

Mathews ya zama mai ba da shawara kan kimiyya a cibiyar IRCAM da ke Paris a ƙasar Faransa, kuma a 1987 ya zama farfesa a Jami'ar Stanford. Manhajar Csound daga zuriyar MUSIC ta fito, sannan Miller Puckette ya raɗa wa manhajar Max suna don girmama shi. Tunanin jona tubalan sauti yana nan a ƙananan manhajojin da ake cusawa cikin manyan manhajojin haɗa kiɗa, irin tsarin VST da kamfanin Steinberg ya fitar a 1996. Da irin waɗannan manhajoji ake haɗa kiɗan waƙoƙin finafinan Hausa a ɗakunan kiɗa na Kano.

Har yanzu lokaci ne babban ƙalubalen masu rubuta su. Sauti mai ingancin faifan CD yana buƙatar lambobi 44,100 a kowace daƙiƙa ga kowane ɓangaren lasifika, kuma jinkiri kaɗan yakan sa sautin ya yanke. Saboda haka akan ware wa lissafin sauti layin aikinsa daban da na allo, a kuma tsara musayar bayanai tsakaninsu ta yadda ɗaya ba zai ɓata na ɗaya ba, kuma layin sauti ba zai tsaya jira ba.

Rasuwa

Mathews ya rasu a birnin San Francisco sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 84.