Mungo Park: Matafiyin da Littattafai Suka Mayar Gwarzo

Idan mutum ya tashi daga Kontagora ya nausa yamma, zai isa Tafkin Kainji. A ƙarƙashin ruwan tafkin nan tsohon garin Busa yake kwance, tun da aka gama madatsar ruwa a shekarar 1968. A kusa da wannan gari ne wani Bature mai suna Mungo Park ya rasa ransa a farkon shekarar 1806, fiye da shekara hamsin kafin Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora.

An haifi Mungo Park a ƙasar Sikotilan a shekarar 1771. Mahaifinsa manomi ne. Ya koyi aikin likita a Jami'ar Edinbara. A zamanin nan Turawa sun ji labarin Kogin Kwara, amma ba su san inda ya dosa ba, balle inda ya faɗa teku. Saboda haka wata ƙungiya ta birnin Landan, wadda aka kafa a 1788 don binciken Afirka, ta aike shi ya gano musu.

Ya sauka Gambiya a 1795, ya koyi harshen Mandinka, sa'an nan ya kama hanyar gabas. A hanya wani sarki mai suna Ali ya tsare shi wajen wata huɗu. Da ya kuɓuta, sai ya isa bakin kogin a Segu cikin watan Yuli 1796, ya ga ruwan yana gudu zuwa gabas. A kan hanyarsa ta komawa zazzaɓi ya kayar da shi a Kamaliya, wani ɗan kasuwa mai fataucin bayi, Karfa Taura, ya yi jinyarsa wata bakwai. Ba don shi ba, da wuya Park ya sake ganin gida. A 1799 ya buga littafin tafiyarsa, wanda ya sami karɓuwa ƙwarai a Turai.

A 1805 gwamnatin Birtaniya ta sake tura shi, wannan karon tare da Turawa fiye da arba'in, yawancinsu sojoji. Damina ta riske su a hanya, cututtuka suka yi ta kashe su. Da suka isa kogin a Bamako, goma sha ɗaya kaɗai suka rage. A Sansandin suka haɗa jirgin ruwa, suka tashi a watan Nuwamba, Turawa biyar da 'yan bayi da wani jagora, Amadi Fatuma. Park bai yarda ya riƙa tsayawa yana neman izinin sarakunan bakin kogi ba, kuma mutanensa sun harbe jama'a da dama a hanya. Jagoran ya rabu da su a Yawuri. A Busa jirgin ya maƙale tsakanin duwatsu, aka yi faɗa da mutanen da ke bakin gaɓa, Park ya faɗa ruwa ya nutse.

Yaya aka yi likitan nan ya zama gwarzo? Da farko, shi ne ya rubuta labarinsa da kansa, masu karatu kuwa suka ga kome da idonsa. Na biyu, mutuwarsa ta zo a ɓoye. Sai da aka aiki tsohon jagoransa, Isaako, a 1810, ya nemo Amadi Fatuma, kafin a ji yadda abin ya faru. Ɓoyayyar mutuwa kuwa takan ba masu ba da labari fili. Daga nan littattafan yara da na makaranta suka riƙa zaɓen jimirinsa da haƙurinsa, suna tsallake harbe-harben da aka yi. An kafa masa gunki a garin Selkirk a 1859, har aka daɗe ana koya wa ɗalibai a Nijeriya cewa shi ne ya gano Kogin Kwara.

Amma masunta da fatake sun san kogin nan tun kaka da kakanni. Ibn Batuta ma ya gan shi a ƙarni na 14. Park bai kai bakin teku ba. Ya yi zaton kogin yana haɗuwa da Kogin Kwango. Richard Lander da ƙanensa John ne suka bi shi daga Busa har teku a 1830.

Ba Turawa kaɗai ke yin haka ba. Mawaƙa da maroƙa a ƙasar Hausa sukan ɗaukaka jarumtar mayaƙa irin su Nagwamatse, su yi shiru game da garuruwan da yaƙi ya tarwatsa. Park jarumi ne, ba shakka, amma ya dogara da jagorori da masu masauki waɗanda labari ya kusa mantawa da su. Ɗalibin tarihi, idan ya ji an yabi gwarzo, ya kamata ya tambaya: wa ya ba da labarin, kuma wa aka bari a baya?

Ma'anar kalmomi

nausa: kama hanya zuwa wani wuri
jinya: kula da marar lafiya
jimiri: jure wahala

Tambayoyi

1. Me ya sa aka aiki Park zuwa Afirka?
2. Wace rawa Karfa Taura ya taka a rayuwarsa?
3. Kawo dalilai biyu da suka sa littattafai suka mayar da shi gwarzo.