Likita Karl Kumm, Mutumin da Ya Ƙi Zama Wuri Ɗaya

A cikin wannan biki na jubili ya kamata mu waiwaya baya mu ga ta wace hanya bishara ta iso mu a nan Ngong. Ba a nan ta tsiro ba. Waɗansu ne suka ɗauko ta, su kuma waɗansu suka aiko su. Cikin mutanen da Allah ya mora domin buɗe wannan ƙasa akwai Likita Karl Kumm, wanda ya kafa mishan da a ke kira Sudan United Mission, wato S.U.M. Ba likitan asibiti ba ne, likitan ilmi ne, daga jami'ar Freiburg ya sami wannan laƙabi.

An haife shi a ƙasar Jamus cikin shekara ta 1874. Yana saurayi ya ji labarin aikin bishara a arewacin Afirka, zuciyarsa ta kamu. Ya tafi Ingila ya yi karatu, sa'an nan aka aike shi Masar. A can ya auri Lucy Guinness a birnin Alƙahira cikin 1900. Ubanta, Grattan Guinness, babban mai wa'azi ne, ya kuwa daɗe yana kuka saboda ƙasar Sudan. A wancan zamani in an ce Sudan, ana nufin dukan ƙasar da ta miƙa daga kogin Kwara har kogin Nilu, da Kano da Borno da Adamawa da ƙasarmu duka a ciki. Bakin teku ya sami masu wa'azi tun da daɗewa, amma cikin ƙasa kusan babu kowa.

Kumm da matarsa suka koma Turai. Ya shiga bin manyan ƙungiyoyin mishan na Ingila yana roƙonsu su aiko da mutane. Kowa ya yarda aikin yana da kyau, kowa kuma ya kawo hanzari, ba kuɗi, ba ma'aikata, ayyukan da ke hannu sun yi yawa. Kada mu yi saurin ganin laifinsu, gama irin wannan amsa mu ma mun sha bayarwa a taron dattawan ekklesiya sa'ad da aka kawo zancen aika mai bishara zuwa ƙauyen da ba shi da kowa. Da Kumm ya ga haka, sai ya tattara masu bi daga ɗariku dabam dabam, aka haɗa hannu, cikin 1904 aka raɗa wa ƙungiyar suna S.U.M. Kafin wannan ya sauka a Tarabulus domin ya koyi Hausa wurin Hausawan da ke zaune can, don ya gane da wannan harshe fatake su ke ratsa ƙasar duka.

Cikin watan Yuli na 1904 mutum huɗu suka shiga jirgi a Liverpool: Kumm, da Likita Bateman, da John Burt, da Lowry Maxwell. Suka hau Kwara, suka shiga Binuwai. Gwamna Lugga ya nuna musu Wase, suka kafa zango kusa da babban dutsen nan. Ba a daɗe ba ciwo ya kama Bateman, aka mai da shi gida. Wase kuwa gari ne na sarki Musulmi, ƙofa ba ta buɗe ba, daga baya aka bar wurin. Wanda ya duba da idon mutum zai ce an yi hasara. Amma daga Wase ne aka miƙa zuwa Wukari da Ibi da Langtang, a can iri ya kama.

Cikin 1906 Lucy ta rasu a Amurka, ta bar masa 'ya'ya maza biyu ƙanana. Ita ce mai alkalami a gidan, rubutunta ya ta da mutane da yawa. Domin tunawa da ita aka gina gida a Rumasha, bakin Binuwai, inda a ke renon yaran da aka ƙwato daga hannun masu cinikin bayi.

Abin da ya fi shafarmu shi ne tafiyar da ya yi cikin 1909. Ya tashi daga Binuwai da ayarinsa, ya bi ta Yola, ya shigo Adamawa da ke hannun Jamus a lokacin, ya ratsa ƙasar Garwa da Marwa, ya haye zuwa kogin Shari, ya sauka wurin Sarki Sanusi a Ndele, daga nan ya faɗa daji cikin damina. Guzuri ya ƙare, ruwa ya cika rafuka, yunwa ta kusa gamawa da su. A ƙarshen shekara ya isa Khartum. Wannan hanya ba shi ya fara ta ba, alhazan Hausa sun riga shi da shekaru masu yawa, suna tafiya Makka a ƙasa. Abin da ya kawo sabo shi ne ƙidaya: ya yi ta rubuta sunayen kabilu da harsunan da ba su taɓa jin sunan Yesu ba, ya kai wa ekklesiyoyin Turai. Burinsa a jera tashoshin mishan kamar sarƙa daga Kwara har Nilu.

Mu faɗi gaskiya a kansa, gama ba mala'ika ba ne. Mutum ne mai zafin nama, mai son a bi ra'ayinsa, har ya rabu da abokan aikinsa na farko a Jamus. Cikin littattafansa akwai maganganu a kan baƙar fata waɗanda ba za mu karɓa ba, irin tunanin Turawan zamaninsa ne. Yakan yi zancen Musulunci kamar tsere a ke yi da abokin gaba, mu kuwa da mu ke cin kasuwar Ngong tare da Fulani da Hausawa, mu ke gaisuwar mutuwa da suna a gidajen juna, mun san shaida ba ta tafiya da wannan harshe. Bai kuma zauna ya yi kiwon garke ba. Maxwell ne ya zauna wajen shekara talatin, ya ƙware da Hausa, ya yi haƙuri da mutane. Kumm mai buga kuge ne. Amma abu ɗaya ya riƙe bai sake ba, shi ne umurnin da Ubangiji ya bari a ƙarshen Bisharar Matta ba na manzanni kaɗai ba ne, na kowace ekklesiya ne, ƙarama ko babba, mai kuɗi ko matalauciya. A ganinsa ekklesiyar da ta tara mutane ta rufe ƙofa ta manta dalilin da aka kira ta.

Saboda haka ya yi ta yawo, Amurka, Afirka ta Kudu, Danmak, Ostareliya, ko'ina ya bar reshe. Mutanen Danmak suka aiko Likita Bronnum, ya zauna Numan cikin 1913. Ba da daɗewa ba ƙasarmu ta sami nata rabo ta hannun waɗansu. Berge Revne na 'Yan'uwa Lutheran daga Amurka ya kama aiki wajen Lere da Yagwa, Gunderson ya shiga cikin Gbaya cikin 1923, mutanen Norwe suka zauna Ngaundere cikin 1925. A Nijeriya kuwa aka naɗa fastoci na farko 'yan ƙasa cikin 1938, Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot, cikin 1955 kuma ekklesiyoyin suka haɗu suka zama Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan.

Kumm bai ga wannan ba. Ya sake aure cikin 1912, ya koma Amurka da zama, jikinsa ya yi rauni, ya rasu a Kalifoniya cikin watan Agusta 1930 yana da shekara 55.

Ngong ba ta cikin jerin tashoshin da ya zana. Sa'ad da ƙasa ta yi wa mutanen arewa kaɗan, aka kuma gama madatsar ruwa ta Lagdo cikin 1982, Tupuri da Mundang da Masa da Giziga da Mafa suka gangaro neman gonar auduga da masara. Da yawa cikinsu 'ya'ya ne da jikokin waɗanda suka ji bishara a Lere da Yagwa da Kaele. Suka zo da fartanya da Littafi Mai Tsarki cikin buhu ɗaya, suka fara sujada ƙarƙashin itace da rumfar zana, ba Bature ko ɗaya tare da su.